Tumatir Bakwai a Tudun Barón

Shekara talatin da ɗaya ina jan keken dutse a Valparaíso,
in hau da mutane, in sauko da mutane,
ban taɓa duban launin ƙasar da ke ƙarƙashin dogon ba.
Ranar da aka sallame ni da takarda da agogon bango
na zagaya bayan ɗaki na tsaya.
Taku shida a tsaye, huɗu a kwance,
ga tsohon baho, ga tayar mota,
ga kyanwar maƙwabta tana yi mini kallon baƙo.

A Satumba na fara, sanyinmu yana tattara komatsansa.
Na sayo iri a kasuwar Cardonal,
na watsa kusbara da hannu biyu,
na binne tafarnuwa kai ƙasa, gindi sama.
Ruwa da safe, ruwa da rana, ruwa da yamma,
har da tsakar dare in barci ya ƙi zuwa.

Doña Eduvigis ta leƙo ta kan katanga
da tsintsiya a hannu.
“Heriberto, shuka kake yi ko kiwon kifi?”
Ta zagayo, ta tura yatsa a ƙasata har gaɓa ta biyu,
ta zaro shi jiƙe sharkaf, ta kai shi dab da hancina.
“Ka riƙa tambayar ta kafin ka ba ta.
Tafarnuwar ma ka makara da wata huɗu.”

Latas ɗin farko dodon koɗi ya cinye
a dare ɗaya,
ya bar mini zanen azurfa a kan siminti.
Na fita da tocila, gwiwa tana ƙara,
na tsinci goma sha tara a gwangwanin kifi.
Kashe su ya gagare ni.
Na kai su kangon da ke gangare.
Bayan kwana uku, na rantse na gane fuskar ɗaya.

Da la’asar iskar teku takan hau tudu ba sallama.
Ta kwantar da wakena,
na tashe shi da sanda, na ɗaure da igiyar takalmin aiki.
Na’a-na’a kuwa, wadda na karɓa don kunyar ƙin kyauta
na cusa a lungu na manta,
ta cinye gidanta, ta shiga na albasa,
yanzu tana neman hanyar kicin.

Karas ya fito gajere, mai ƙafa biyu, wani mai uku.
Jikata Rayén ta jera su a bakin taga,
ta raɗa musu sunayen malaman makarantarsu,
ta hana a dafa.

Sai Janairu.
Tumatir bakwai.
Ɗaya ya tsage, ɗaya tsuntsu ya riga ni ɗanɗanawa.
Na zauna da fensir na yi lissafin taki da ruwa da tukwane,
kowane ɗaya ya ci kuɗin kifin mako guda.
Na yaga takardar kafin wani ya gani.

Na yanka biyar ƙanana, da albasa, da barkono,
da ’yar kusbarar da ta tsira daga hannuna,
na zuba mai da lemon tsami.
Eduvigis ta dangwala burodi, ta tauna, ta dubi teku.
“Gishiri bai ji ba,” in ji ta,
ta miƙa hannu ta ɗauki burodi na biyu.

Daga nan ina jin ƙararrawar keken yana tashi,
wani yaro ne ke jan sa yanzu, yana da saurin birki.
Ban ɗaga kai ba.
Ina tsince ’ya’yan tumatirin da ya tsage
ina shanya su a kan tsohuwar jarida,
kyanwa tana zaune a cikin bahon, a kan ɗoɗɗoyata,
ƙasa ta cika mini farce ta ƙi fita.